Zaren Wuyan Riga

Ni dai tun ina budurwa nake da wannan ƙurjin. Sau biyu ko uku a shekara, in na yi zazzaɓi ko na sha rana ko wani ya ɓata min rai, sai in ji gefen leɓena na sama yana tsira-tsira, yana ɗan zugi. Washegari ruwa ya taru, ya fashe, ya yi ɓawo, kwana goma ya kama gabansa. Ƙurjin zazzaɓi muke ce masa. Ban taɓa kai shi gaban likita ba, to a kan me? Da shi na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya biyar na raine su, ga su nan kowa da ƙafarsa.

Shekara uku ke nan ina zaune a gidan Auta, ƙaramar 'yata, tun da maigidana ya rasu, mai gidan da muke haya kuma ya ce rushewa zai yi. In an ce gidan Auta, gidan mijinta ake nufi, kar mu yaudari kanmu. Bene ne, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, sai wani lungu da aka gina don ajiyar tarkace, shi ne nawa. Gado ɗaya, keken ɗinkina, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Matakala arba'in da takwas ce tsakanina da ƙasa, na ƙirga ta da gwiwar nan tawa mai ciwo, shi ya sa sai in yi wata ban sauka ba. Masu kawo min aiki su suke hawowa, wannan a rage mata ƙugu, wancan a sa masa zif.

Surukina mai gyaran wutar lantarki ne, Mai Wuta nake ce masa in ba ya nan. Mutumin kirki ne, kar in ɗauki alhakinsa, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma irin mutanen nan ne da in sun shiga ɗaki sai sun ƙare wa soket kallo kafin su gaida jama'a. Komai a wurinsa yana da inda ya faro, kuma sai ya bi waya ya gano wurin.

Auta tana da ciki wata bakwai 'yarsu ta fari ta kwanta. Tantabara muke ce mata, saboda kukan da take yi a maƙogwaro tun tana jaririya. Shekararta uku. Zazzaɓi ya rufe ta, dasashi ya kumbura, baki ya cika da gyambuna har kan harshe, yawu na zuba, ko ruwa ta gani sai ta sa kuka. Kwana shida yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba. Da suka dawo daga asibiti, Mai Wuta ya zaunar da mu a falo ya karanto mana abin da likita ya ce, yana ƙirgawa da yatsu. Wai wata ƙwayar cuta ce, hapis ake ce mata. In ta shiga jikin mutum ta zauna ke nan, ta lafe a jijiya, lokaci-lokaci ta leƙo a leɓe. Wai yawancin manya suna ɗauke da ita, wasu ma ba su sani ba. A cikin gida ta yawu take bi da ruwan ƙurjin: sumba, kofi, cokali, tawul ɗin goge baki. Kuma tun ƙurjin bai fito fili ba, tun yana zugi, ana iya ɗauka. Ga yarinya kamar Tantabara wahalar mako ɗaya ce. Ga jaririn da bai yi wata biyu ba kuwa, tana iya wucewa har ƙwaƙwalwa.

Sai ya ce likita ya tambaya ko akwai mai ƙurjin leɓe a gidan. Bai kalle ni ba da ya faɗa, fanka ya kalla. Ni kuwa ga ɓawo ɓaro-ɓaro a bakina, kuma kowa ya san da cokalina Tantabara take ci, don in ba ni na ɗanɗana na ce da daɗi ba, ba ta buɗe baki.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce biyar na raina da wannan bakin, wa ya mutu? Na ce yau kuma ni ce annoba a gida? Auta ta yi ta ba ni haƙuri, shi kuma ya sunkuyar da kai yana cewa ba haka ba ne, Iya, ku gafarce ni. Washegari na tashi na tarar da kofina da cokalina da farantina an naɗa musu jan salatif, irin wanda yake naɗe waya mai wuta don kar yaro ya taɓa. Har madaurin tawul ɗina bai tsira ba. Na ce masa saura goshina, ya zo ya liƙa. Ya yi dariyar yaƙe ya fita aiki.

Abin haushi da ban dariya, ba a yi wata ba sai ga ƙurji ƙarƙashin gashin bakinsa. Ko Tantabara ce ta shafa masa, don kullum tana manne da fuskarsa, ko dama can yana da abinsa, oho. Na miƙa masa salatif na ce ga sauran, a naɗa wa kofin maigida. Ya kuwa naɗa. Mutumin nan ba ya wasa da doka ko da a kansa ta faɗa.

Wata rana da rana, ina ɗinki, na tsayar da keke don in sa zare, sai na jiyo shi ta bango yana magana da Auta ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ba ya ƙin Iya, amma in wani abu ya sake faruwa bayan haihuwa, gara ta koma wurin Yaya. Yaya shi ne babban ɗana, yana wani gari mai nisan kwana guda a mota, ɗaki ɗaya gare shi da mata da 'ya'ya huɗu. Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na zauna da zare a hannu na kasa samun kafar allura.

Da aka haifi yaron, namiji, na ce to ga angona ya iso, sunan ya bi shi. Ango. Dokoki kuwa aka jera min su, na karɓa: ba sumba, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauke shi, in ƙurji ya fito in zauna a ɗakina har ya bushe. Wallahi na kiyaye. Yaro yana ƙamshin nan na jarirai, bakina yana ƙaiƙayi, in kawar da kai. Da na rasa yadda zan yi da son da nake masa sai na zuba shi a ɗinki. Na samo wani farin yadi mai laushi cikin ragowar aikin mutane, na yi masa riguna uku, ɗinkin a waje don kar ya kurje masa fata.

Ranar da ya kwana tara, da safe na ji tsira-tsirar nan a leɓena. Na san ta kamar yadda na san muryar 'ya'yana. Na duba madubi, ba komai. Na ce a raina bari dai mu gani zuwa gobe, ƙila barkono ne.

Da hantsi Auta ta shiga wanka ta miƙo min shi. Na wanke hannu tas, na sa masa sabuwar riga, ta zauna masa ɗas. Sai na ga wani zare yana reto a wuyan rigar, daidai ƙarƙashin haɓarsa, inda fatar ta naɗe zafi ya ɗan saɓule ta. Almakashi yana ɗakina, yaro yana cinyata. Kuma ni shekara arba'in haƙorina ne almakashina, har gurbi zare ya yi min a haƙorin gaba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na sunkuya na kama zaren da haƙori na tsinke. Leɓena ya taɓa wuyansa, da ɗuminsa da laushinsa, na ɗago na ga ɗan danshi a wurin na goge da babban yatsa.

Sai da na tofar da zaren sannan na tuna da zugin nan na safe. Na ɗauko tsumma da ruwa na goge wuyan sau uku. Auta ta fito tana yaba riga, na ce mata ai kaɗan ta gani.

Washegari ƙurji ya fito, manya guda biyu. Da kaina na tattara kofina na shige lungu na ja ƙofa. Mai Wuta ya tsaya a bakin ƙofar da yamma yana ta sa min albarka, wai ya gode, wai ba kowane babba ne zai yi haka ba, har lemo ya sayo min. Na karɓa ta tsagar ƙofa. Ban iya sha ba, na ajiye shi a kan keke.

Wanda bai taɓa zama a ɗaki taku uku da taku biyu yana sauraren jariri ta bango ba, ba zai gane ba. Na daina taka keke don kar ƙararsa ta hana ni ji. Na san kukan yunwa, na san na jiƙa, na san na rigima kawai. In ya canyara da ƙarfi sai in ji sanyi a raina, in ce kin gani, tsohuwar banza, ba abin da ya faru. In ya yi shiru kuma in miƙe in manna kunne. Abinci Auta take ajiye min a bakin ƙofa. Tantabara takan zo ta zura yatsu ta ƙasan ƙofar tana kiran Iya, in ce mata je ki, Iya tana da miki.

Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar na ji Auta tana waya da ƙawarta tana cewa wannan yaron ba ruwansa, ba irin Tantabara ba, sai barci, sai ta tashe shi ma yake sha, ya ɗan ja kaɗan ya saki. Na ƙwanƙwasa ƙofata daga ciki, na ce Auta, duba min wuyan angon nan, ƙarƙashin haɓa, ko zafi ya dame shi. Ta duba. Ta ce wasu 'yan ƙuraje ne guda uku a cure wuri ɗaya, masu ruwa, na zafi ne, za ta sa masa hoda.

Na buɗe baki. Allah shi ne shaidata, na buɗe. Sai na ga ɗakin Yaya, na ga ana sauko da kekena daga bene, na ga fuskar Auta in ta ji. Abin da ya fito daga bakina shi ne, to, a rage masa kaya, a bar iska ta riƙa shiga.

Ranar ban ci komai ba. Na yi ta lallashin kaina da ƙarya: ai na goge, ai taɓawa ce ba sumba ba, ai ƙurajen zafi ma suna yin ruwa. Washegari na sake cewa ko za a kai shi a duba, haka nan dai, don hankali ya kwanta. Mai Wuta ya ce jibi ai ranar awo ce, sai a haɗa gaba ɗaya. Da na ce masa ga dalili, da ko takalmi ba zai tsaya sawa ba. Na sani. Na ce to, Allah ya kai mu, na koma na zauna a bakin gado kamar wadda aka ɗaure.

Ba mu kai jibin ba. Da safe Auta ta taɓa shi ta ji zafi, ta sa masa nono ya ƙi kamawa sam, kukan ma wani siriri. Na jiyo suna haɗa kaya. Na ɗaura takunkumi a fuskata, na yafa mayafi, na buɗe ƙofa na ce da ni za a je. Mai Wuta ya ce Iya, gwiwarku, ga kuma Tantabara. Na ce a kai ta wurin maƙwabciya, ni kuwa ko da rarrafe sai na sauka. Ya kalle ni da mamaki, amma bai yi musu ba. Matakalar nan na sauke ta ina riƙe da ƙarfe, ban ma san gwiwar tana nan ba.

A asibiti ba a bar mu a layi ba, da nas ta ji kwanakinsa da zafin jikinsa sai ta wuce da mu ciki. Likitar mace ce, yarinya, ba za ta girmi Auta ba. Ta tuɓe shi, ta duba ido, ta taɓa maɗiga, ta ɗaga haɓarsa ta daɗe tana kallon ƙurajen nan da hoda ta yi wa fari-fari. Sannan ta kalli takunkumina ta tambaya ko akwai mai ƙurjin leɓe a gida, kuma ko bakin wani ya taɓa yaron.

Mai Wuta ne ya amsa, har da ɗan alfahari. Ya ce Iya tana da shi, amma tun ranar da ya fito ta kulle kanta a ɗaki, kafin nan ma ba ta taɓa sumbatarsa ba, kofinta daban, tawul ɗinta daban, shi shaida ne. Auta ta gyaɗa kai. Likita ta ce to, za a kwantar da shi, a ɗebi jini, a fara masa allurar da ake fara yi wa jarirai masu zazzaɓi, ƙurajen kuma za ta sa a ɗauki ruwansu a kai gwaji, sakamako kwana biyu ko uku. Ta jawo takarda ta fara rubutu.

Na tambaye ta, in da a ce wancan ciwon ne, wannan allurar za ta yi masa? Ba ta ɗago ba ta ce a'a, maganinsa daban ne, kuma shi ba ya son jira.

Ina tsaye a bayan kujerar Auta, ina ganin tsagar kitsonta, kitson da ni na yi mata kafin ta haihu. Na kama bayan kujerar da hannu biyu.

"Likita, bakina ya taɓa shi."

Biro ya tsaya. Na faɗa mata komai, ranar, da zaren, da zugin da na ji tun safe, da daidai wurin. Takunkumi ya danne muryata har sai da ta ce in maimaita. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta ma da lokacin yi. Ta yage takardar ta kira nas, ta ce a kawo wancan maganin yanzu, a nemo jijiya, a shirya ɗibar ruwan ƙashin bayansa don gwaji. Ta ce min, Mama, gara da kika faɗa. Nan da nan aka ɗauke shi daga hannun Auta aka shige da shi.

Aka bar mu a baranda a kan wani dogon benci. Mai Wuta ya je can ƙarshe ya tsaya yana kallon bango, hannunsa a aljihu. Ni na zaci shi zai yi magana, na ma shirya masa wuyana. Auta ce ta juyo. Idonta a bushe, gaban rigarta ya jiƙe da nono.

"Iya, zaren nan ban riƙe ki da shi ba. Haƙorinki ne ya saba." Ta ja mayafi ta rufe gaban rigar. "Amma shekaranjiya, da kika ce in duba wuyansa, kin sani?"

Da na ce ban sani ba, da ta yarda. Yarinyar nan ko na ce mata rana ta fito daga yamma sai ta leƙa ta duba.

"Na sani."

"Ina sa masa hoda, kina ji na."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Sannan ta kira mijinta ta ce ya mayar da Iya gida, gwiwarta na ciwo, kuma Tantabara ba ta ci abinci ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da kwantar da shi. Gwaji ya fito, wancan ciwon ne. Likita ta ce sai ya yi mako uku ana ba shi maganin ta jijiya, bayan nan ma za a yi ta bibiyar idonsa da jinsa da yadda yake girma, don ba a san iyakar inda abin ya taɓa ba. Mai Wuta ne ya faɗa min, a tsaye, yana neman caja. Ko kwana biyun nan sun ƙara wani abu, ban tambaya ba, shi ma bai ce ba.

Ba wanda ya sake ta da maganar Yaya. Ta yaya ma za a ta da ita, wa zai riƙe Tantabara? Auta tana asibiti, shi yana tsakanin aiki da asibiti, sai ni da yarinya a hawa na uku. Ƙurjina ya bushe ya faɗi tuntuni. Ina dafa mata abinci, in ɗanɗana da nawa cokalin in ba ta da nata. Masu kawo ɗinki in sun ƙwanƙwasa sai in ce keke ya lalace.

Kullum da la'asar Auta tana kira a wayar da mijinta ya bar mana. In na ɗaga sai ta ce a ba Tantabara, in miƙa, in koma gefe ina tsintar labari daga bakin 'yar shekara uku. Yau da na ɗaga ba ta nemi Tantabara ba, sai na ji numfashinta, da ƙarar wata na'ura a bayanta.

"Ya kama nono," ta ce. "Ya sha sosai."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, hawaye na shiga min baki. Na ce, "Auta, 'yar nan, ni dai..."

"Ba wa Tantabara, Iya."

Na ba ta.